Fita su da mai jirgi a bakin Volta: wace rana, wane kaya, wane jagora?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Mu shida ne daga Aboabo, nan Kumasi, muna son mu sauko Ada Foah cikin Oktoba mu ɗauki mai jirgi ya fita da mu kamun kifi da ƙugiya, a ruwa marar zurfi, ba can tsakiyar teku ba. Babu wanda ya taɓa jefa fatsa a ruwan gishiri a cikinmu, mutum biyu ma ba su iya iyo ba. Shin Oktoba ya yi? Wane kaya za mu saya? Kuma ta yaya ake gane jagora na ƙwarai? A taimaka mana, Allah Ya saka da alheri.

Baba Masunci (Ashaiman):
Wa alaikumus salam, yarona. Wata kam kun zaɓa daidai. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi ne ke tasowa daga ƙasan teku, shi ne kakar amane, ƙananan kifayen nan irin sardin, amma a lokacin teku na da fushi, igiyar ruwa manya-manya. Oktoba na kamawa ruwa ya fara ɗumi, teku ya fara kwanciya, kafin Nuwamba ya yi luf. Ƙananan kifaye sun cika bakin kogi, manya na biye da su. Abin da kawai za ku sa a rai shi ne ƙaramar damina ce a nan kudu, hadari na iya tasowa da rana tsaka.

Magana ta farko: mutum shida ba sa jefa ƙugiya a jirgi ɗaya. Ku rabu uku-uku a jirgi biyu. Wanda ya ɗaga sanda zai jefa, ƙugiyarsa na yawo a bayansa kusan mita biyu, kuma a nan fuskar ɗan'uwansa take. Waɗanda ba su iya iyo ba ku raba su, kowane jirgi ɗaya, su zauna a tsakiya.

Ta biyu: kada ku sa ranar Talata. A galibin garuruwan bakin tekun Ghana ba a fita su ranar Talata, al'ada ce mai ƙarfi, baƙo ba ya karya ta.

Malam na Nima:
Baba ya gama magana kan wata, ni kuma zan tsaya kan rana, don a nan mutane suka fi yin asarar kuɗinsu. Teku na cika sau biyu, yana janyewa sau biyu, cikin awa 24 da kusan minti 50. Shi ya sa kullum lokacin cikar ke matsawa gaba da kimanin minti 50. Tsakanin janyewa da cika awa shida ne da ɗan ɗoriya. A gaɓarmu bambancin bai da yawa, daga ƙasa da mita ɗaya zuwa mita ɗaya da rabi, amma a wurin da zurfinsa mita biyu ne kacal wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mu da muke lissafi da wata abin ya zo mana da sauƙi. Kwana ɗaya zuwa biyu bayan wata ya cika, da kuma daidai tsayuwar jinjirin wata, ruwa ya fi hawa, ya fi sauka, gudunsa ya fi ƙarfi. Wajen 8 ga wata da 23 ga wata kuma ya fi sanyin jiki. A yankin Tema da Ada, ranakun babban ruwa cikar na zuwa ne wajen ƙarfe 4 zuwa 5 na asuba da na yamma. Ma'ana in kun fita bayan sallar asuba ranar 15 ga wata, ruwa yana fita kenan da dukkan ƙarfinsa har wajen ƙarfe 10 ko 11.

Shawarata ku nemi 9, 10 ko 11 ga watan Musulunci, ko 24 zuwa 26. A waɗannan ranaku ruwa na kaiwa ƙarshen janyewa kusa da fitowar rana, sai ya yi ta shigowa duk safiya har wajen azahar. Ku buɗe jadawalin cikar teku na Tema a waya ku tabbatar da awa, sannan ku ƙara ɗan lokaci, don cikar na makara in an shiga cikin kogi.

Alhaji Mai Ƙugiya (Tudu):
Malam, a nan zan ɗan saɓa maka. Kifi mai farauta ruwa mai gudu yake so. Babban ruwa ne ke kwaso jatan lande da ƙananan kifin malet daga cikin saiwoyin mangrof, itatuwan da ke tsirowa a bakin ruwan gishiri, ya zubo su a bakin rafuka, barakuda da jan kifi kuma su jeru suna jira. Ranar da ruwa ya mutu ƙugiya ma mutuwa take. In kifi suke so, 14 zuwa 16 ga wata, lokacin da ruwa ke fita.

Malam na Nima:
Alhaji, ban musa ba, ruwa mai fita na ba da kifi. Amma dubi waɗanda ke tambaya: sababbin hannu, biyu ba su iya iyo ba. Ƙarfin ruwa ba ɗaya ba ne cikin awa shidan nan. Awa ta farko a hankali yake, awa ta uku da ta huɗu su kaɗai ke ɗauke da rabin ruwan gaba ɗaya. Haɗa wannan da ruwan Volta da ke gangarowa, duka suna neman ƙofa ɗaya. In inji ya mutu a wannan lokaci kusa da ƙauyen Azizanya, ina jirgi zai nufa? Bakin kogi, inda ya faɗa teku. In kuwa ruwa na shigowa ne inji ya mutu, cikin kogi zai turo su. Kuma ranakun da na ambata ba mataccen ruwa ba ne, kullum ƙara ƙarfi yake yana tunkarar 14.

Baba Masunci (Ashaiman):
Alhaji ƙanena, maganar Malam ce za su bi. Bari in yi wa yaran bayanin bakin nan, don daga nesa ba ya nuna abin da yake. Inda Volta ta faɗa teku akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, kuma ba ya zama wuri ɗaya, hanyar da aka bi bara bana ta toshe. In ruwan kogi na fita, igiyar teku na shigowa, sai su yi karo a kan tudun. Igiyar ta miƙe tsaye kamar bango ta karye. Jirgin da ya ba ta gefe ya kife, ba a ma tsayawa shawara. Masuntan Ada da aka haifa a wurin suna tsayawa su ƙirga igiya kafin su kutsa.

To ku gaya wa mai jirgi tun a tudu: ba ma ƙetare baki. Duk kifin da kuke nema yana ciki, tsakanin tsibirai, bakin rafukan mangrof, da gefen ramin da ruwa ya haƙa. Jagoran da ya ce muku "ba komai, mu fita waje kifin ya fi girma" alhali ya san akwai waɗanda ba su iya iyo ba, ku sallame shi.

Ɗan Aboabo:
Mun ji, Baba, ba za mu ƙetare ba. Amma wani ya ce mana a Oktoba ruwan arewa na sa kogin ya yi ja da laka, kifin teku ya gudu. Haka ne?

Malam na Nima:
Ba daidai ba ne yadda aka faɗa maka. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965, aka ƙara ta Kpong a 1982, lakar arewa a cikin tafki take kwanciya. Ruwan da ke isowa Ada ta injinan wuta yake biyowa, shi ya sa yawansa ba ya sauyawa sosai tsakanin rani da damina. Rashin wannan yashin ma na daga cikin dalilan da teku ke cin gaɓar Ada da Keta.

Abin da za ku sa wa ido shi ne buɗe ƙofofin madatsa. Tafkin na kai ƙololuwar cika ne wajen Oktoba zuwa Nuwamba. A 2023 hukumar VRA, mai kula da madatsar, ta fara sakin ruwa ranar 15 ga Satumba, har ya ci garuruwa irin su Mepe. In an saki ruwa irin haka, ruwan daɗi na ture na gishiri waje, ciyawar ruwa ta gangaro tuli-tuli tana naɗe zare da farfela. Shekarar da aka yi sanarwa ku ɗage tafiyar kawai.

A shekarar da ba a saki ba, ga yadda abin yake. Ruwan gishiri ya fi na daɗi nauyi, don haka in teku na shigowa ta ƙasa yake kutsowa, na kogi na bi ta samansa. Za ka ɗanɗana ruwan sama ka ji salam, amma mita uku a ƙasa gishiri ne, kuma a nan kifin teku yake. Wannan ne ya sa koton da aka kai ƙasa da dalma ya fi wanda ke yawo a sama kamu a cikin kogi.

Alhaji Mai Ƙugiya (Tudu):
To na bi, su je 10 ga wata. Ga kaya, kuma kada ku sayi abin da ya wuce wannan.

Sanda mai tsawon mita 2.1 zuwa 2.4, wadda aka rubuta tana jefa giram 20 zuwa 60. Doguwar sandar bakin teku mai mita huɗu ba ta jirgi ba ce. Ril, wato abin naɗe zare, mai lamba 4000 ko 5000. Zaren saƙa mai jure nauyin fam 30, kusan kilo 14 kenan, mita 200. Kafin ku naɗa shi ku fara sa zaren roba kamar mita goma a ƙasa, in ba haka ba zaren saƙa zai riƙa zamewa a kan ƙarfen, ka yi ta juyawa kifi ba ya matsowa.

A gaba ku ƙulla zaren roba fam 50, tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Dalili: zaren saƙa na da ƙarfin ja amma ba ya jure goga. Ya taɓa ɓawon kawa da ke manne a saiwar mangrof sau ɗaya, ya tsinke.

Haɗin ƙasa: ka zura dalma mai rami a babban zare, giram 30 in ruwa na tafiya a hankali, 60 zuwa 90 in ya yi ƙarfi. Bayanta ɗan dutsen ado na roba don kada ta riƙa dukan ƙulli, sai majuyi, ɗan ƙarfen da ke hana zare murɗewa, sai zaren gaba, sai ƙugiya. Kifi ya ɗauki koto zaren na zamewa ta cikin dalmar, ba ya jin nauyi balle ya tofar. Yadda za ka san dalma ta isa: ka ji ta dira ƙasa ta tsaya. In tana gangarawa ƙara nauyi.

Ƙugiya ku sayi mai lanƙwasasshen baki irin zobe, lamba 4/0 da 6/0, da ƙanana lamba 1 don jatan lande. Ita wannan ba a fizgar ta. Kifi ya ja, ka bari sanda ta sunkuya, sai ka fara naɗewa, ita da kanta za ta kama gefen baki. Sababbin hannu sun fi rasa kifi ta wurin fizga.

Birkin ril kuma, wato abin da ke sakin zare in kifi ya ja da ƙarfi, ku daidaita shi tun a gida, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin zare. Ku zuba ruwan fiya wata guda bakwai a leda, kowace rabin lita ce, kilo uku da rabi kenan. Ƙulla zaren a ledar ka ɗaga a hankali. Daidai lokacin da za ta bar ƙasa birkin ya fara saki, to ya zauna. Kowane ƙulli ka jiƙa shi da yawu kafin ka ja, busasshen ƙulli na ƙona zare ya rage masa ƙarfi.

Baba Masunci (Ashaiman):
Alhaji ka manta waya. Barakudar bakin Volta tana kai tsawon mutum, haƙoranta kamar aska. Zaren roba fam 50 ba ya tsaya mata.

Alhaji Mai Ƙugiya (Tudu):
Ban manta ba, Yaya, da gangan na bari. In suka sa waya a kowace sanda jan kifi da mai gemu za su ƙi ci, musamman in ruwa garau yake. A jirgi ɗaya sanda ɗaya ta isa: waya santimita 30, fam 40 zuwa 60, da cokalin ƙarfe mai walƙiya giram 30 zuwa 40, ko kifin roba mai tsawon santimita 12 zuwa 15. Sauran biyun su tsaya a ƙasa da koto. In aka ga zare ya dawo a yanke sumul kamar an sa reza, to barakuda ta iso, sai kowa ya ƙara waya. In ya dawo a gurje da kaushi, wannan saiwa ce ko dutse, waya ba za ta yi magani ba.

Baba Masunci (Ashaiman):
Na yarda. To koto. Mai rai ya fi komai: malet ko ƙaramar karfasa mai tsawon yatsa zuwa tafin hannu. Jagora na ƙwarai da birginsa yake zuwa, kafin gari ya waye ya jefa sau uku ko huɗu a gefen yashi ya cika bokiti. Kada a cusa fiye da goma sha biyar a bokitin lita 20, a riƙa sauya ruwan duk minti 15, a ajiye a inuwa. Kun ga sun taso sama suna haki, iska ta ƙare musu. Ana soka ƙugiya ta hanci in ruwa na gudu, don kifin ya fuskanci ruwa ya daɗe da rai. In aka soke shi ta wutsiya a ruwa mai gudu, juyi zai yi ta yi har ya mutu.

In ba a samu mai rai ba, ɗanyen jatan lande ko yankan amane. Amane na da mai da ƙamshi amma yana da laushi, ku barbaɗa masa gishiri tun dare ya yi tauri, ku ɗaure da siririn zare. Ƙaguwa ce babbar ɓarauniyar koto a ƙasa, duk minti goma a ɗago a duba.

Kowane kifi da halinsa. Jan kifi a gindin saiwa da duwatsu yake, yana cafka ya juya gida. Daƙiƙa biyar na farko su ne duka faɗan, ka hana shi komawa ko ka rasa shi. Ka jefa kusa da saiwar, amma mai jirgi ya tsaya nesa kamar mita 15 zuwa 20, ta yadda za ka jawo shi fili. Mai gemu, wanda ke da zare huɗu a ƙarƙashin ƙirji da hanci mai sheƙi, a ƙasa yake lalube inda ruwa ya ɗan gurɓace, kan iyakar ruwan kogi da na teku. Za ku ga layin da ido, gefe ɗaya kore, gefe ɗaya ruwan ƙasa-ƙasa, da kumfa da ganye a jere a kansa. Nan ne wurin zama. Tafon kuwa, babban kifin nan mai launin azurfa, in Allah Ya haɗa ku da shi, tsalle yake yana girgiza kai, bakinsa ƙashi ne, in ya tashi sama ka sunkuyar da sanda gare shi. Namansa ƙaya ce zalla, a sake shi a ruwa ba sai an ɗago shi jirgi ba.

Kuma a rage hayaniya. A zurfin mita ɗaya da rabi, anka da aka wurga ko bokiti da ya faɗi a cikin jirgi ya isa ya kore kifi. A kashe inji tun da nisa a ƙarasa da filafili.

Kawu Makanike (Tema):
Ɗana, ka tambayi yadda ake gane jagora. Ni ta injinsa nake gane shi. Ku isa da yamma kafin ranar, ku ce ya tayar a gabanku. Inji mai lafiya na tashi a ja biyu ko uku. Ku duba baya, dole ku ga siririn ruwa na tsartuwa da ƙarfi. In yana ɗiga ne ko babu, robar famfon ruwa ta cinye, kuma yashin wurare marasa zurfi ne ke cinye ta. Wannan injin zai yi zafi ya tsaya muku a tsakiyar ruwa.

Ku tambaye shi fulogi na ajiya da sifanarsa, fin na farfela, igiyar tayarwa ta biyu, filafili biyu, abin kwashe ruwa. Igiyar kashe inji ta kasance a ɗaure a hannunsa, don in ya faɗa ruwa injin ya mutu, ba ya yi ta zagaye da ku ba.

Mai: injin doki 15 in an buɗe masa wuta yana shan kusan lita 7 a awa, doki 40 kuwa kusan lita 20. A raba mai gida uku, kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓawa. In fetur za a haɗa da baƙin mai, ma'aunin da aka saba shi ne 50 da 1, wato mililita 400 a lita 20. Ya yi kaɗan inji ya ƙone, ya yi yawa fulogi ya toshe. Firimis, wato fetur da aka riga aka haɗa da baƙin mai, na masunta ne, gwamnati ke tallafa musu ta kwamitocin bakin ruwa, don haka ku yi magana a fili wane mai za a sa kuma wa zai biya.

Anka: igiya ta ninka zurfin ruwa sau biyar aƙalla, mita uku na son mita 15, da sarƙa mita biyu a gindinta don ta kwanta ta ciji yashi. A goshin jirgi ake ɗaure ta. Wanda ya ɗaure a baya cikin ruwa mai gudu, ruwan zai danne bayan jirgin ya hau ciki.

Malam na Nima:
Ƙari kan na Kawu. Ku fara gaida sarkin masunta na wurin, ku ce ya haɗa ku da mutum. Wanda sarki ya ba ku yana da wanda zai amsa wa. A yanke magana kafin a shiga ruwa: awa nawa, daga yaushe ake ƙirgawa, koto a kan wa, kifin da aka kama na wa, kuma in hadari ya hana fita me za a mayar. Ku ba da rabi, sauran in an dawo. Jagora na ƙwarai shi zai fara tambayarku wa ya iya iyo, kuma in kuka tambaye shi ƙarfe nawa ruwa zai juya gobe ba zai yi inda-inda ba.

Ta fuskar doka, rufe teku da gwamnati ke yi a Yuli ne, manyan jiragen jan koma har Agusta, bai shafi Oktoba ba. Kamun kifi da fitila, nakiya, kabaid ko guba haramun ne a dokokin kamun kifi na 2010. Wanda ya yi muku tayin irin wannan ku bar jirginsa. Yankin Songor da ya haɗa da bakin Ada wuri ne mai kariya tun 1992, kuma a wannan lokaci na Oktoba har farkon shekara kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai a yashin wurin. Doka ta hana kama shi ko ɗibar ƙwansa. In ya haɗiyi ƙugiya, a yanke zaren kusa da baki a sake shi, kada a ja. Guntayen zare kuma ku tara a leda ku fito da su.

Anti Nas (Mamobi):
Ƙanena, rigar ceto kowa da tasa, a jiki, a ɗaure, ba a ƙarƙashin benci ba. Gwajinta: a kama kafaɗun rigar a ɗaga, in ta haura kunne ta yi yawa, a ruwa za ta zame. In mai jirgi ba shi da shida ku saya a Accra kafin ku wuce.

Abu biyu ke kawo masunta asibiti daga ruwa marar zurfi. Na farko kifin nan mai faɗi kamar faifai da ke binne kansa a yashi, yana da ƙaya mai dafi a wutsiya. In za ku sauka ku taka, ku sa takalmi, ku riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa, zai ji ya gudu. Na biyu tarwaɗar teku, ƙayarta uku, ɗaya a baya biyu a gefe. Da filaya ake cire mata ƙugiya, ba a riƙe ta da hannu. Wanda aka soka a tsoma wurin cikin ruwan zafi da fata za ta iya jurewa, digiri 40 zuwa 45, na minti 30 zuwa 90, zafi na karya dafin. Don haka filas ɗin ruwan zafi ya shiga jirgi. Daga nan asibiti, a duba ko guntun ƙaya ya rage, a yi allurar tetanos. Ƙugiyar da ta nutse a nama har ta wuce ƙayarta, ko ta kusa da ido, kada ku ja, a yanke zare a rufe a tafi.

Kada ku yi wanka a ɓangaren ruwan daɗi inda ciyawa take, akwai tsargiya a ƙasan Volta. Ruwan sha lita uku kowane mutum, hula mai faɗi, tabarau, shi ma kariya ne daga ƙugiya. Mai jin jiri ya sha magani awa ɗaya kafin shiga, in ya bari sai amai ya fara ba ya aiki. Lambar gaggawa 112, waya a cikin leda mai zif.

Baba Masunci (Ashaiman):
Hadarin wannan lokaci daga gabas yake zuwa. Kun ga gabas ta yi baƙi, iska ta ɗauke ɗif, sannan wata mai sanyi ta bugo, ba ku da fiye da 'yan mintoci. A kwantar da sanduna, don sandar kabon na jan tsawa, a nufi tudu mafi kusa, ba sai inda aka taso ba. Ko ba hadari, iskar teku na tashi daga azahar ta yi ta ƙaruwa. Ƙarfe ɗaya ta same ku a tudu.

Hajiya Mai Kula (Madina):
Duk kun yi maganar kamawa, ba wanda ya yi ta kaiwa gida. Ɗana, daga Ada zuwa Accra awa biyu ne da wani abu, daga Accra zuwa Kumasi biyar ko shida in hanya ta yi kyau. Kifin da ya kwanta a cikin jirgi rana na dukansa awa biyu ya riga ya fara lalacewa, ƙanƙarar da za ka sa daga baya ba ta dawo da shi.

Kula, wato akwatin riƙe sanyi, ta shiga jirgi da ƙanƙara tun asuba. Ana kamawa a buga masa a ka, a yanka ƙarƙashin maƙogwaro jini ya fita a bokitin ruwan teku minti biyar, sai a tsoma shi cikin haɗin ƙanƙara kashi biyu, ruwan teku kashi ɗaya. In kun sauka a cire hanji da jan abin kunnen nan, daga nan ruɓa ke farawa, a kankare jinin da ke bin ƙashin baya. Sai a jera: ƙanƙara a ƙasa, kifi ciki na kallon ƙasa, a cusa ƙanƙara a cikin, a rufe da wata. Kilo ɗaya na kifi kilo biyu na ƙanƙara don tafiyar Kumasi. A riƙa tsiyaye ruwan da ya narke, kifin da ya kwana a ruwa namansa saki yake. Ku sayi ƙanƙara ta dutse ku fasa, ta fi daɗewa.

Ku kula da kifaye masu jan nama irin wanda ake ce wa jak. In suka ji zafi suna yin wani dafi da wuta ba ta kashe shi, mutum ya ci fuska ta yi ja, kai ya yi ciwo, jiki ya yi ƙaiƙayi. In ƙanƙara ta gaza, ku ba matan wurin su kyafe muku a murhun Chorkor, ku kwana ku tafi da shi lafiya.

Ɗan Aboabo:
Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya ƙara girma. Ga abin da muka tsayar: jirgi biyu, 10 ga wata in bai faɗa Talata ba, mu taso Kumasi da sassafe ranar 9, mu bi ta Tema mu karya a mararrabar Kasseh, mu ga sarkin masunta da inji kafin magariba. Malam, alwala fa in ta karye a cikin jirgi?

Malam na Nima:
Ruwan teku mai tsarki ne, mushensa kuma halal ne, hadisin na cikin Muwaɗɗa. Asuba a Oktoba wajen 4:40 take, rana na fitowa kafin 6, ku yi sallah a tudu, azahar ma a tudu za ta same ku. Sai dai ganin wata na iya sa lissafin ya goce da kwana ɗaya, don haka jadawalin Tema shi ne alƙali: ku nemi ranar da ƙarshen janyewa ya faɗa tsakanin 5:30 da 7:30 na safe.

Alhaji Mai Ƙugiya (Tudu):
In kun dawo masauki ku ɗaure birkin ril, ku yayyafa masa ruwan famfo a hankali, ba da ƙarfi ba don kada gishiri ya shige ciki. Ku goge, ku bar shi ya bushe a inuwa, sannan ku sassauta birkin gaba ɗaya kafin ku ajiye. Ƙugiyar da ta taɓa ruwan gishiri kada ta koma kwali ɗaya da sababbi, cikin mako guda za ta sa musu tsatsa duka. Kowane mutum ya riƙe dalma shida da ƙugiya goma, gindin mangrof na cin kaya.